Cire fentin feshi daga jikin bindigar farauta

Malam, ka ce wanda ya sayar maka da bindigar ya feshe ta da koren fenti, kana son asalin launinta ya dawo. Kafin komai, tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka kwance ƙotar daga ƙarfen.

Ƙarfen ba wuya. Jiƙa tsumma da asiton (wani sinadari ne mai narkar da fenti), ka lulluɓe shi kamar minti 10, fentin zai yi laushi ka goge. Lunguna kuma tsohon buroshin haƙori ya isa. Don Allah kada ka sa samfefa, tana cinye baƙin rufin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, na ga an lalata bindigogi masu kyau haka.

Asiton yana cin roba, yana cire shafen katako, don haka gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Yi aikin a waje, nesa da wuta. Da ka gama ka shafa mai nan take.