Tambaya da Amsa: Sayar da Tsohon Jirgin Ruwa ta Hannun Dillali

Wasiƙun wannan fitowar yawancinsu daga bakin kogin Haɗeja da kewayen madatsun ruwan Kano suka zo, kuma duk a kan cinikin jirgi ne. Mun taƙaita tambayoyin.

Assalamu alaikum. Ni masunci ne a ƙasar Kiri Kasamma. Ina da jirgin katako mai cin mutum 12 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, shekara 6 ina aiki da su. Ina so in sayar in sayi injin ban ruwa. Wani dillali ya ce in kai masa jirgin mashiginsu, in faɗi kuɗina, duk abin da ya hau kai nasa ne. In yarda?

Wa alaikumus salam, Malam. Neman dillali daidai ne. Jirgi ba akuya ba ne da za a ja ta kasuwa a dawo da kuɗi kafin la'asar. Masu sayensa kaɗan ne, kuma a warwatse suke daga Wudil har Nguru. Dillali ne ya san wanda jirginsa ya fashe bara, da manomin shinkafar da gonarsa ke hayin ruwa. Amma sharuɗɗan nan biyu da ya kawo maka, kada ka karɓi ko ɗaya.

Jirgin ya zauna a mashiginka. Jirgin da aka ɗaure a mashigin wani ba ya hutawa: yau a are shi a haye da buhuna, gobe yara su shiga da shi cikin kacala. Inji kuwa ya fi haɗari, domin cikin rabin awa ana iya musanya kafireta ko farfela da tsohuwa, kai kuma ba ka da hujja. Tun yau ka duba jikin maƙalin da ake ɗaure injin da shi a jirgi, akwai ɗan ƙarfe mai lambar inji. Ka rubuta lambar, ka ɗauki hotonta, ka buɗe murfi ka ɗauki hoton cikin. In mai saye na nesa ne, ya zo ya gani. Gani ya kori ji.

Batun "abin da ya hau naka ne" kuwa, malamai ma sun saɓa a kan halaccinsa, saboda ladan ba sananne ba ne. Mu ta fuskar ciniki muke ƙinsa. Da zarar kun yi haka, dillalin ya tashi daga wakilinka ya koma abokin cinikinka. Zai zo maka yana kushe jirgin don ka sauko, ya je wa mai saye yana kururuta shi don ya hau, kuma ba zai taɓa bari ku haɗu ba. Wanda ya yi tayi mai kyau amma bai bar masa rata ba, ba za ka ji labarinsa ba. Ku yanke la'ada sananniya. A ce kun daidaita a kan kashi 5 cikin 100, aka sayar a N800,000, ladansa N40,000 ke nan, in ya samo sama da haka nasa ma ya ƙaru. Ku kuma faɗi wanda zai biya, don a wasu kasuwannin mai saye ne ke ba da la'ada, a wasu kowane ɓangare da tasa.

Sauran maganar ku yi ta a gaban sarkin ruwa ko mai unguwa. Ka faɗi kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Ka sa wa'adi, sati 4 zuwa 6 ya isa, in ya wuce ba ciniki ka nemi wani ba tare da ka bi shi ko ya bi ka ba. Ka ce la'ada ɗaya ce, duk 'yan kamashon da ya jawo su raba a tsakaninsu, don ranar biya za ka ga mutum uku kowa na cewa shi ya fara kai labari. Kada ka ba dillalai da yawa jirgi ɗaya a lokaci guda. Mai saye zai ji farashi uku a bakin mutum uku, ya ɗauka ka matsu ne, ya tsaya a mafi ƙanƙanta. Abu na ƙarshe, sallama a bakinka take. Dillali ya kawo tayi, kai ka ce albarka ko ka sallama, mai saye yana zaune yana ji.

Lokaci ma yana da kuɗi. Ana neman jirgi ne daga Yuli zuwa Agusta, kafin ruwa ya cika ya yanke hanyoyi, musamman shekarar da madatsar Tiga da ta Challawa suka cika suka tumbatsa. Wanda ya fito da jirgi a watan Maris, ruwa ya ja baya, masu sayen arha ne kaɗai za su zo masa.

Me mai saye zai duba? Ina so in riga shi gani kafin dillali ya kawo shi. Daga wani mai fito a Auyo.

Ka yi tunani mai kyau, Malam. Aibin da ka faɗa da bakinka ɗan ragi ake yi a kansa, wanda mai saye ya gano da kansa kuwa rabin kuɗin yake ci.

Fara da yoyo. Ka kwarfe ruwan cikin jirgin tas da magariba, ka bar shi a kan ruwa har asuba. Ɗan ruwan da kwano ɗaya ko biyu zai kwashe ba komai ba ne a jirgin katako. In ka tarar ya rufe idon sawu, akwai aiki. Sannan ka loda masa nauyin da ya saba ɗauka, ko da buhunan yashi ne, ka zauna awa ɗaya, domin katakon sama da ya sha rana ya tsage ba ya nuna kansa sai ruwa ya kai gare shi.

Ka ɗauki sukundireba ka bi jikin jirgin kana dannawa, musamman daidai inda ruwa ke tsayawa, da gindin haƙarƙarin jirgi, da katakon baya inda ake ɗaura inji. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya shige kamar rogo dafaffe. Ruɓa ta fi kama wurin da yake jiƙewa yana bushewa. Itacen da yake nutse kullum yana daɗewa: kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987 ya haura shekara 8,000, jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta binne shi ce ta adana shi. Ka duba kan ƙusoshi. Baƙin zobe a kewayen ƙusa na nufin tsatsa ta cinye ta a ciki. In da maɗaci aka ƙera jirgin ka gaya wa dillali ya faɗa, don ya fi farin katako irin rimi daraja nesa ba kusa ba.

Kada ka shafe jirgin da sabuwar kwalta ana gobe za a zo gani. Mai saye da ya san ruwa yana ganin kwalta mai sheƙi zai fara tambayar me aka rufe. Ka kankare gansakuka, ka wanke ƙarnin kifi, ka canja katakon da ya mutu, ka bar gyaran a fili.

Injin kuwa a sanyi za a tayar da shi. Mai wayo zai fara dafa hannu a jikinsa ya ji ko an ɗuma shi kafin ya iso. Inji mai lafiya yana kamawa a ja na biyu ko na uku. Da ya tashi a dubi ɗan siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, wanda makanikai ke ce wa fitsari. In ba ya fita da ƙarfi, ko dai robar famfon ruwa ta ƙare ko hanya ta toshe. Kada a kuskura a tayar da shi a tudu don nuna wa baƙo, robar nan tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya in ba ruwa. A sa ƙafarsa, wato ɓangaren da ke ɗauke da farfela, cikin duron ruwa in ba a bakin kogi ake ba. A kwance ƙaramin noti na ƙasan ƙafar a ɗiga man giya a tafin hannu. In ya fito kalar zuma ko duhu-duhu, lafiya. In ya fito fari kamar koko, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren kamun kifi ne ya naɗe bayan farfela ya yanke sil, robar da ke tare ruwa. Wannan ƙaramin gyara ne, ka yi shi kafin su zo. Makanike mai ma'aunin matsi ya auna tukwanen injin biyu, wato silinda, kada ratar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 10 cikin 100.

Maigidana ya rasu ya bar jirgi da inji, suna tudu wata 5. Ƙaninsa ya kawo dillali wai a sayar. Yara ƙanana ne. Daga wata baiwar Allah a Ringim.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, Hajiya. Jirgin nan gado ne, ba ki da ikon sallamawa ke kaɗai, shi ma ƙanin ba shi da shi. A fara zuwa wurin malamin da zai raba gado ko alƙali, a fitar da bashin mamaci, a san magada, a naɗa wakilin da zai sayar da sunan kowa. Kafin dillali ya buɗe baki, a sa mutum biyu masana, maƙerin jirgi da makanike, su yi wa kayan ƙima kowa daban. Ki lura da abu ɗaya: in wanda ya kawo dillalin shi ne kuma yake son saye, ko yaronsa, a sake neman tayi daga waje.

Amma gaggawar tana kan jirgin. Wata 5 a tudu, rana na buɗe bakin katako, gara na ci ta ƙasa. A kife shi a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa, a rufe da zana a inuwa. In za a gwada shi, a bari ya kwana 2 ko 3 a ruwa katakon ya kumbura tukuna, in ba haka ba zai yi yoyon da ba nasa ba, a karya masa kuɗi a banza. Injin a shigar da shi ɗaki a jingine a tsaye, a zubar da tsohon fetur, a wanke kafireta.

Na sayar ta hannun dillali, bayan kwana 9 mai saye ya dawo wai inji ya buga, in ba shi kuɗinsa. Dillalin ya ce ba ruwansa. Daga Wudil.

Hukuncin yana rataye da tambaya ɗaya, Malam: aibin a hannun wa ya samu? In tsoho ne, ɓoyayye, ba a gaya masa ba, yana da haƙƙin mayarwa. In a hannunsa ya faru, nasa ne. Makaniken da ku biyun kuka yarda da shi ya buɗe injin a gabanku. Irin wannan injin fetur ake gauraya masa da baƙin mai, rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon shiga yakan zuba fetur zalla, fistan ya bushe ya kama. Ko leda ko ganyen kacala ya toshe mashigar ruwa, injin ya yi zafi yana ta gudu bai kula ba. Robar famfo da ta narke alamar rashin ruwa ce ta kwanan nan. Wadda ta ƙeƙashe fukafukanta suka kakkarye, ta daɗe a haka, wannan kuwa yana komawa kanka.

Dillali ba ya biyan inji, sai in ya san aibin ya ɓoye. Amma "ba ruwana" ba ta fitar da shi, shi ne shaidar abin da aka faɗa ranar ciniki, dole ya zauna. A wurin malaman Malikiyya, in aka mayar da kaya saboda aibin da mai kaya bai sani ba, dillali yana mayar masa da la'adarsa. In mai kaya ne ya ɓoye, ya yi asararta.

Rubutu ne yake kashe irin wannan rigimar. Takarda ɗaya ta isa: kwanan wata, sunaye, tsawon jirgi da ƙafa, lambar inji, kuɗi, aibobin da aka nuna aka yarda, da abin da ya bi jirgin, filafili ne, gora, tanki da tiyonsa. Shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala, kowa ya riƙe kwafi.

Mai saye ya ce zai ba da kafin alƙalami ta hannun dillali, ya tafi da jirgin, saura bayan girbi.

Kuɗi hannunka zai shigo, kai ka ciri la'ada ka miƙa. In tura wa aka yi ta waya, kada ka dogara da saƙon alat, akwai na bogi. Ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka. Jirgi ba ya barin mashigi sai an cika. In dole sai an yi bashi, ya ɗauki jirgin, injin ya kwana a ɗakinka, a rubuta ranar biya da mai tsaya masa. Kada kuma ka ci kafin alƙalamin kafin ciniki ya kammala, domin a mazhabar Malikiyya in ya fasa mayar masa ake yi.

In haɗa jirgi da inji, ko in raba? Wanda ya taya zai yi jigilar mutane ne a dam. Daga ƙasar Ƙaraye.

Raba farashin ko da mutum ɗaya ne zai saya. Inji yana da kasuwa ko'ina don a bayan babur ma ana ɗaukarsa, jirgi kuwa sai an biya motar da za ta kai shi, kuma a faɗi wanda zai biya ta. In injin kaɗai wani zai saya, ya auna katakon bayan jirginsa: gajeriyar ƙafa ta inci 15 ce, doguwa ta inci 20.

Tunda mutane zai ɗauka, ka faɗa masa ainihin adadin da jirgin ke ci, kada ka bar dillali ya mai da 12 ta zama 20 don ciniki ya faɗa. Ba a manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai a ƙarshen Nuwambar 2021 ba, an yi masa lodi fiye da ƙima, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto. Ka loda jirgin a gabansa, ka ja layin fenti a daidai inda ruwa ya tsaya, ka rubuta adadin mutanen a cikin takardar ciniki.