Me ya sa halawarki take daskarewa?

Kin ce awo ɗaya kika yi sau biyu, amma halawar cire gashin jiki da kika dafa, ta farko ta narke miki a hannu, ta biyu kuwa ta daskare har sai da kika sa wuƙa. To 'yata, awonki ba shi da laifi. Sukari kofi 2, ruwan lemon tsami kwatan kofi, ruwa kwatan kofi, haka muke yi a shagon nan. Matsalar tana wajen wuta.

Ki fahimci abin da ke faruwa a cikin tukunya. Tunda kika ɗora, ruwa ne yake ƙonewa a hankali, kuma ɗan ruwan da ya rage lokacin da kika sauke shi ne zai nuna ko za ta yi taushi ko tauri. Kika sauke da wuri, ruwa ya yi yawa, sai ta yi ta bin yatsu. Kika makara, ruwan ya tafi duka, sai ta zama alawar yara. Shi kuwa lemon tsami, tsaminsa ne ke hana sukari komawa tsaki-tsaki bayan ya huce, don haka kada ki yi masa rowa, kuma ki tace shi sosai.

Ki nemi tukunya mai kaurin gindi, ki rage wuta. Gas ko gawayi duk ɗaya ne, muddin wutar ba ta haukace ba. Kada ki matsa daga wurin, ko waya aka kira ki bari ta katse. Da farko zai yi kumfa fari, sannan ya fara rawaya, sannan ya koma launin zuma. Daga nan zuwa ƙonewa tazarar kaɗan ce ƙwarai. Masu ma'aunin zafi suna sauke ta a wajen digiri 120, mu kuwa kofin ruwan sanyi muke ajiyewa a gefe. Ki ɗiga kaɗan a ciki, ki ɗauko da yatsa. In ya dunƙule yana lotsawa, ta yi. In ya baje a ruwan, da saura. In ya yi ƙas, kin wuce. Kuma tukunya tana ci gaba da dafa ta ko bayan an sauke, shi ya sa ake juye ta nan take a kwanon silba. Roba narkewa za ta yi.

Akwai kuma abin da awo ba zai gaya miki ba, wato yanayin Katsina. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, iska ta bushe ga sanyi, halawa na saurin tauri, sai ki sauke ta da ɗan taushi. Da bazara, Afrilu da Mayu, zafin ɗaki da na tafin hannunki kawai sun isa su narkar da ita, sai ki ƙara mata ɗan lokaci. A Agusta sukari na jan damshin iska, ki rufe ta ruf. Wadda ta yi tauri kada ki zubar, cokali ɗaya ko biyu na ruwa ki maida ta wuta kaɗan. Wadda ta yi baƙi tana warin ƙauri ce kawai ba ta da gyara.

In ta huce yadda hannu zai iya, ki ɗan jiƙa hannu, ki ciri dunƙule, ki yi ta ja kina naɗewa har launin ya yi haske. Ki gwada a wuyan hannunki kafin ta taɓa jikin kowa. Jiki ya zama wankakke, busasshe, babu mai, ki barbaɗa hoda kaɗan. Gashi ya kai tsawon ƙwayar shinkafa. Ki shafa ta kina tunkarar kwanciyar gashin, ki fizge da sauri kina bin kwanciyarsa, ɗaya hannun yana riƙe da fata a miƙe. Kada ki ɗaga sama, nan ne ake tara wa mutane jini a fata. Abin da ya manne, ruwan ɗumi ke wanke shi. Dunƙule ɗaya mace ɗaya, kin gama ki jefar. Sukari zafinsa ya fi na tafasasshen ruwa kuma yana mannewa, in ya zubo wa wani, ruwan sanyi za a yi ta kwarara na minti 20, ba man goge baki ba, ba manja ba.

Amarya kuwa ki yi mata da sauran kwana biyu ko uku kafin ƙunshi, don jan fata ya kwanta. Ranar da aka yi, ban da dilka, ban da turare a wurin, ban da ruwa mai zafi sosai.

Wanda ya fi damuna shi ne na masu shafa man bilicin. Mayukan nan suna sa fata ta yi siriri, halawa na iya ɗago ta tare da gashin, ta bar tabon da zai daɗe. Da yawa ba za su faɗa miki ba don kunya, ke za ki duba gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu, in sun fi sauran jiki duhu ki tambaya cikin ladabi, ku biyu kawai. Haka mai ƙuraje, mai kyasbi, mai ciwo a buɗe. Mai ciwon suga ma rauninta ba ya saurin warkewa, sai ta ji ta bakin likitanta tukuna. In kika haɗu da irin waɗannan suka matsa miki, kada ki ji nauyin kuɗinsu ko shekarunsu. Ki ce Hajiya ta hana, ki turo min su ni zan yi musu bayani.