Kwalbar "ganga ɗaya" da ake bin layi a kanta a Kentaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a birnin Luwisbil na jihar Kentaki ta Amurka, shekarata uku ke nan ina ɗaukar fasinja. Yawancin baƙin da nake ɗauka masu ziyartar masana'antun wiskin nan ne da ake kira burbon. Wasu tun da asuba suke tashina in kai su Firankfot su bi layi don kwalba ɗaya tak. Wani ya ce mini ya biya ɗaruruwan daloli a kan kwalbar da aka rubuta wa "Single Barrel", wato ganga ɗaya. Ni ba na sha, amma ina so in gane abin da suke zance a kai. Da gaske akwai bambanci, ko wayon 'yan kasuwa ne? Ta yaya suke gane shi? Sannan a nan har alewa da nama ana zuba wa burbon, wai wuta na cinye barasar. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Hukuncin giya ka san shi tun kana makarantar allo, abin da ya shafi sana'arka kuma malaminka zai warware maka. Ni fannina kimiyyar abinci ce, ta wannan ƙofar zan shigo. Bambancin da fasinjojinka ke faɗa gaskiya ne, ana iya auna shi a ɗakin gwaji. Tsadar kuwa wani zance ne daban, kuma yawancinta kasuwa ce ta haife ta.

Mu fara da doka, don burbon abu ne da doka ta yi wa iyaka. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin kayan ƙasar na musamman, saboda haka abin da aka yi a wajen Amurka ba ya amsa wannan suna. Dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin ya zama masara, sauran a cike da wani hatsi da ake kira "rye" ko alkama, da ɗan tsiron sha'ir wanda ke mayar da sitaci sukari, aikin da tsiron dawa yake yi a wurinmu. Ba a tace shi ya wuce kashi 80 na barasa, ba a zuba shi a ganga yana sama da kashi 62.5, ba a ɗura shi a kwalba ƙasa da kashi 40. Ba a ƙara masa kala ko ƙamshi. Sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a tambayarka: dole a adana shi a sabon mazubi na itacen ok wanda aka babbake cikinsa da wuta.

Ranar da ruwan ya fito daga tukunyar tata, fari ne tas kamar ruwan famfo. Duk wannan jan launi da kake gani a kwalba daga katako ya fito, haka ma babban kaso na ƙamshin. Gangar tana cin galan 53, wajen lita 200. Da farin ok ake yin ta, domin ƙofofin jikinsa a toshe suke, ruwa ba ya zurarewa. Ba gam, ba ƙusa, zobban ƙarfe ne kawai ke riƙe da fallayen. Akan shanya katakon a fili watanni, rana da ruwan sama su wanke masa bauri, sannan a haɗa gangar a cinna mata wuta a ciki na daƙiƙoƙi ƙalilan: 15 a mataki mafi sauƙi, wajen 55 a mataki na huɗu, inda cikin yake tsattsagewa kamar bayan kada. Gawayin da ya samu yana tsotse wari mara daɗi. A bayan gawayin kuma akwai wani jan sashe inda zafi ya narkar da sukarin itacen, kamar yadda ake ƙona sukari a yi alewa. Daga nan ƙamshin fanila yake fitowa, da na kwakwa, da wani mai kama da kanumfari. Sinadarin da ke ba kanumfarin shayinka ƙamshi, shi ɗin dai yana cikin gasasshen ok.

To ka tuna randa. Maginiya ɗaya, yumɓu ɗaya, rana ɗaya aka gasa su, amma ka ajiye ɗaya a zaure ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, za ka ji ruwansu ya sha bamban a sanyi da ƙamshin ƙasa. Abin da ke faruwa da ganguna ke nan, sai dai na shekaru. Bishiyoyi biyu ba sa zama ɗaya, wata ta girma a hankali a kan tudu, wata da sauri a fadama. Sannan waɗannan dogayen ma'ajiyoyi da kake wucewa a hanyar Bardstown, wasu hawa bakwai, wasu tara, yawancinsu ba a sanyaya su ba a ɗumama su. Da zafi ya zo ruwan ya kumbura ya kutsa cikin katako, da sanyi ya zo ya dawo ɗauke da launi da ƙamshi. A hawan sama, inda zafi ya fi tsanani kuma iska a bushe take, ruwa ya fi barasa saurin ƙafewa, sai abin da ya rage ya ƙara ƙarfi da duhu. A hawan ƙasa mai sanyi da laima komai a hankali yake tafiya, ƙarfin ma yana iya raguwa. Kowace shekara ganga kan yi asarar wajen kashi 3 zuwa 5 ta hanyar ƙafewa. Wannan ne warin da kake ji a iska idan ka tsaya jiran fasinja a bakin masana'anta, shi ne kuma abincin baƙin naman gwarin da ke manne wa bango da allunan hanya a yankin.

Kwalbar yau da kullum ana yin ta ne ta hanyar juye ganguna masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, a tanki guda, don kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Wannan gwaninta ce babba, ban yarda da masu raina ta ba. Kwalbar ganga ɗaya kuwa, abin da ke cikinta daga ganga guda ya fito ba a gauraya shi da na wata ba. Yi lissafi da kanka: lita 200 tana ba da kwalba wajen 266 masu cin mililita 750. Bayan shekara goma kusan sulusi ya tafi a iska, sai ka ga abin da ya rage bai kai kwalba 200 ba in ba a ƙara ruwa ba. In suka ƙare, sun ƙare ke nan.

Wanda ya fara kai irin wannan kasuwa shi ne Elmer T. Lee, a 1984, a masana'antar Firankfot ɗin nan da kake kai mutane, wadda tun 1999 ake kira Buffalo Trace. Lokacin kasuwar burbon ta faɗi, Amurkawa sun koma kan wasu kayan. Lee ya tuna maigidansa na da, Albert Blanton, wanda in zai karrama manyan baƙi yakan sa a zaɓo masa ganga daga tsakiyar wata ma'ajiya mai bangon ƙarfe da ake kira H, inda zafi da sanyi ke saurin ratsawa. Sai ya sa wa sabon kayan suna Blanton's. Mutanen Japan ne suka fara rungumarsa sosai kafin 'yan gida su farga. Ita ce kwalbar nan mai zagaye da ɗan doki a kan murfi. Murafan iri takwas ne, kowanne da harafi ɗaya na sunan, shi ya sa za ka ji wani fasinja yana cewa saura masa harafi kaza. A jikin takardar akan rubuta da hannu ranar da aka juye gangar, lambarta, da inda ta zauna a ma'ajiya.

Akwai kuma abin da suke kira zaɓin shago. Mai shago ko ƙungiyar abokai su je masana'anta, a jera musu ganguna kaɗan, a zura wani dogon bututun tagulla ta bakin kowace a ɗebo musu, su zaɓi guda su saye ta gaba ɗaya. Idan ka ɗauki mutum shida ko takwas da safe suna ta murna kamar masu zuwa ɗaurin aure, wataƙila wannan ce ta kai su.

Yadda suke ganewa, hanci ne ke yin yawancin aikin. Harshe zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da ɗanɗanon romo kawai ya sani, sauran duk ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya. Suna amfani da ƙaramin kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki don ya tara ƙamshin. Sukan shinshina da baki a ɗan buɗe, saboda turirin barasar kada ya dakushe hanci. Sai ɗan kurɓi, a juya shi a baki, a lura da abin da ya saura bayan an haɗiye, a ɗiga ruwa kaɗan a sake gwadawa, domin ruwa na sakin wasu ƙamsassan da barasa ta riƙe. Ma'aikatan da gwaji ne aikinsu sukan tsarma shi da ruwa sosai, su tofar, don wanda ya haɗiye na ganga goma ba zai iya hukunci a kan ta sha ɗaya ba.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara. A gwajin ɗanɗanon kowane abinci, ƙa'idarmu ta farko ita ce a ɓoye suna da farashi, domin ido na riga harshe yanke hukunci. Wanda ya tashi da asuba ya biya dala ɗari uku, da wuya harshensa ya ƙaryata aljihunsa. "Ganga ɗaya" na nufin ba ta da ta biyu. Ganga na iya fita daban ta wajen kyau, tana iya fita daban ta wajen ɗacin katako, musamman wadda ta daɗe a hawan sama.

Tsadar kuma ga tushenta. Bayan an ɗage haramcin giya na 1920 zuwa 1933, jihohi suka raba cinikin hawa uku: mai yi ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai shago. Kayan da ake rububi dillali ke raba su, wani shago ya samu kwalba shida a shekara. Abin da ake sayarwa yau kuma shekara shida ko goma da suka wuce aka zuba shi a ganga, lokacin da ba wanda ya hango wannan rububi. Gangunan da ke kwance a Kentaki yanzu sun ninka mutanen jihar fiye da sau biyu, amma ba a iya gaggauta shekara. Shagon Buffalo Trace da kansa yana duba katin shaida, yana taƙaita wa mutum kwalba ɗaya ta irin waɗannan a cikin kwana 90, wannan ne sirrin layin asuba. Sai 'yan bumburutun kwalba suka shigo, kamar yadda muka san su a bakin gidan mai lokacin wahalar fetur: su saya a farashin shago su sayar ninki uku ko biyar. Sayar da giya ba lasisi laifi ne a dokar Amurka, kuma a 2019 Facebook ya rufe manyan zaurukan da ake wannan ciniki. Akwai masu sayen kwalbar da aka shanye su cika ta da mai araha su liƙe. A 2023 a jihar Oregon bincike ya gano manyan jami'an hukumar kula da giya suna keɓe wa kansu kwalaben da jama'a ke nema, har shugaban hukumar ya sauka. Don haka ina roƙonka, in wani fasinja ya ce ka bi masa layi da katinka ko ka kai wa wani kwalba a karɓo kuɗi, ka ƙi. Lasisin tuƙinka da takardun zamanka sun fi ladan da zai ba ka.

Kalmomin jikin kwalba ma ba nauyinsu ɗaya ba. "Straight" na nufin aƙalla shekara biyu a ganga. "Bottled in Bond" doka ce tun 1897: masana'anta ɗaya, a tace shi a zango ɗaya na shekara, aƙalla shekara huɗu, kashi 50 na barasa cif. "Small Batch" da "Limited Edition" kuwa doka ba ta sa musu adadi ba, abin da kamfani ya ga dama ne. Kuma kowace ce, barasa ce: hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa giya a rukunin farko na masu haddasa cutar tun 1988, tsadar kwalba ba ta fitar da ita daga ciki.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta fi shafarka kai tsaye, kuma abin da aka faɗa maka ba daidai ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna in an cinna wa abinci wuta a kasko, kashi 75 na barasar na nan. In an dafa minti 15, kashi 40 ya rage. Bayan awa ɗaya, kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Alewar nan mai cakulan da ake kira "bourbon ball", wadda Ruth Booe ta fara yi a Firankfot a 1938, ba a dafa cikinta ma sam. Romon da ake shafa wa gasasshen nama ko kifi, ka tambayi mai dafawa kafin ka ci. Kazar da ake kira "bourbon chicken" a kantunan cin abinci, wasu na zubawa wasu ba sa zubawa, ita ma tambaya ce. Wanda zai iya ruɗa ka shi ne "Bourbon vanilla": wannan sunan daga tsohon sunan tsibirin Reunion na tekun Indiya ya samo asali, ba ruwansa da wiski. Sai dai ruwan fanila na kwalba da ake zubawa a kek, dokar Amurka ta ce dole ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa. In uwargida za ta yi kek, ku nemi garin fanila, ko sandarta, ko wanda aka rubuta wa "alcohol-free" a jiki.