Amsa ga mai tambaya kan ramar ɗiyarta 'yar shekara 14

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yarinyarki ta rame, ga kasala ga jiri, kina tambaya ko ki saya mata maganin ƙiba. Don Allah kar ki saya. Na daɗe ina aikin jinya, 'yan mata irinta sun sha zuwa hannuna. Yawancin magungunan nan, in ba mai buɗe ciki da sa barci ba ne, to irin su dexamethasone ne, wanda zai kumbura mata fuska ki zaci ƙiba ce, alhali hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi yake jawowa.

Ni ramar ma ba ta dame ni kamar jirin ba. Shekarun nan na miƙewa ne, tsayi kan riga jiki, sai daga baya ta ciko. Tsakanin shekara 10 zuwa 19 ne yarinya ke tara kusan rabin nauyin da za ta girma da shi. Shi ya sa ba a auna ta da ma'aunin manya. Akwai jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, mai haɗa tsayi da nauyi da shekaru, shi zai nuna ko ramar ta wuce ƙima.

Amma jiri da kasala ga wadda ta fara al'ada, ƙarancin jini nake fara zargi. Daga shekara 9 zuwa 13 jikinta na buƙatar miligiram 8 na ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, a rana, daga 14 kuwa ya koma 15, ga jinin da take zubarwa duk wata. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunta, sun yi fari? Tana haki in ta ɗan yi tafiya? Tana kwaɗayin cin ƙasa ko tauna ƙanƙara? Sannan ki keɓe da ita ki tambayi kwana nawa al'adarta ke yi. In ta wuce bakwai, ko tana canja ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu, a nan jinin ke tafiya. Yaran nan kunya ke hana su faɗa, sai an lallaɓa.

Ki kai ta a auna jini. In haemogulobin ɗinta, wato sinadarin da ake aunawa don sanin yawan jini, ya gaza 12, akwai ƙarancin jini. A duba tsutsar ciki da sikila kafin a ɗora ta kan maganin ƙarin jini, domin mai sikila ba a ba ta ayon kai tsaye. In an ba ta, bayan gidanta zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kuma kar ta daina sha da zarar ta ji sauƙi, sai ta cika watannin da aka ce.

Batun abinci kuwa, cika ciki daban, gina jiki daban. Ƙwai, wake, kifi, hanta, madara, ganyayyaki, duk wanda ya samu. Lemun zaƙi, ba na kwalba ba, tare da abinci na taimaka wa jiki ya zuƙi ayon, shayi kuma hana shi yake, a bari sai bayan awa guda. Ki kuma sa ido ko da gangan take ƙin ci. Na ga 'yan mata da yawa da ke tafiya makaranta ba karin kumallo don tsoron kar ƙawaye su ce sun yi ƙiba.

In kuma ramar ta zo da tari da zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, kar ki jira, ki kai ta asibiti gobe. Allah ya ba ta lafiya.