Amsa ga Hajiyar Agege da ke son haɗa tsofaffi cin abinci tare

Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba lafiya. Kin ce tun rasuwarta ya daina fita masallaci, kwanon da aka kai masa da rana haka ake ɗauko shi da daddare, shi ya sa kike tunanin haɗa tsofaffin layinku su riƙa ci tare. Wannan ciwon da yawanmu a zauren nan mun san shi. Ki yi, amma kada ki bi shawarar masu cewa a zuba abincin cikin kula, yara su raba gida-gida. Baba ba yunwa ke damunsa ba, abincin ai yana gabansa. Abokin ci ne ya rasa.

Ki fara da mutum goma zuwa goma sha biyar, rana ɗaya a mako, kuma ranar kada ta motsa ko da ana ruwan Yuni. Lahadi bayan azahar ta fi, hanya a sake take, matasan da za su riƙo hannun masu ciwon gwiwa ma suna gida. Wurin kada ya wuce tafiyar minti goma da ƙafa. Harabar makarantar Islamiyya ta isa, in dai akwai banɗaki kusa. Tsohon da fitsari ke matsa wa ba zai taɓa faɗa miki ba, daina zuwa kawai zai yi. A nemi kujeru masu jingina, don ba kowa ke iya tashi daga tabarma ba. Mata a yi musu nasu gefen, sun fi sakewa.

Derika (gwangwanin awo na Legas) uku ta shinkafar tuwo tana isar tsofaffi goma sha biyar, ba ci da yawa suke yi ba. Tuwon ya yi laushi, miyar kuka ko kuɓewa, wani makon fate ko alale da kunun gyaɗa. Nama ya dahu luguf, kifi a cire masa ƙaya. Ganda da soyayyen nama a bar wa masu haƙora. Gishiri da magi a rage rabi saboda masu hawan jini, daddawa da citta da albasa su cike gurbin. Sukari a ajiye shi gefe, lemon kwalba kuma kada ya shigo, don a cikinsu ba a rasa mai ciwon suga, wani ma bai san yana da shi ba. A dafa a ranar, kuma kada abinci ya wuce awa biyu da saukewa a wannan zafin. Kayan miya a kasuwar Mile 12 da sassafe sun fi araha, nama kuwa ga mayankar Oko-Oba kusa da ku. Ku sayi kwanukan silba ku riƙa wankewa, dama gwamnatin Legas ta haramta farar robar kumfa tun Janairun 2024.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama masu hoto ne. Mutum ya kawo buhun shinkafa ɗaya, ya zo da yara uku masu waya, a ce wa dattijon da ya yi shekara arba'in yana fataucin shanu ya ɗaga kwano ya yi murmushi. Washegari jikokinsa a Katsina su gan shi a Facebook an rubuta "marasa galihu". Wallahi ba zai sake taka wurin ba, kuma abokansa za su bi shi. Ya koma ɗaki da kunya a kan kaɗaicin da yake ciki. Su kuwa masu buhun, in zaɓe ya wuce ko azumi ya ƙare, ko wayarki ba za su ɗauka ba. Wanda zai ba da gudummawa ya bayar a bayan fage, in ya ce sai da hoto, ya tafi da kayansa. Kada ma a kira abin sadaka. Kowa ya jefa ɗan abin da ya samu a asusu, wani ya buɗe da addu'a, wani ya riƙe littafi, tsofaffin mata su ɗanɗana miya su yi faɗan gishiri. Kuma kada a kwashe kwano a ce a tashi, awa ɗayan hirar bayan ci ita ake nema.

Littafin nan na sunaye ne. Wanda bai zo sau biyu a jere ba, a bi shi gida. A lura da wanda rigarsa ta yi masa yawa, ko ya daina wanka, ko barci ya ƙaurace masa. In ƙunci da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, ciwon damuwa ake zargi, tuwo ba ya maganinsa. A kai shi LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, addu'a kuma a ci gaba da ita. Wanda ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce gigin tsufa ne, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko zazzaɓi ko faɗuwar suga, asibiti a ranar. In kuma kika ji Baba yana cewa gara ya bi Inna, ki zauna ki tambaye shi abin da yake nufi, a kwashe maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai har ya ga likita.

Masu cewa a mayar da shi gida Arewa su fara tambayarsa, tsaransa na can wataƙila duk sun rasu.

Ranar farko kada ke ki kira shi, zai ce miki ya ƙoshi. Ki tura amininsa ya ce ana neman mai buɗe taro da addu'a. In ya ƙi, dattawa biyu su ɗauki kwanonsu su je ƙofar ɗakinsa su ci a can, su maimaita mako mai zuwa.