Maguna suna kwana kan buzun da na gyara da hannuna, ko salla ta halatta a kansa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a nan Damagaram, ina zaune a Sabon Gari. Wata takwas ke nan da na shiga koyon dukanci wurin wani dattijo a cikin Birni, ba don neman kuɗi ba, sha'awa ce kawai. In na taso aiki na yi la'asar sai in tafi rumfarsa, in zauna har rana ta yi ja. Yanzu na iya kube da ƴar jaka, na kuma gyara buzun salla guda, na yi masa baki da jar fata. To a gida uwargida tana kiwon maguna uku, kuma ba su da wurin kwana sai kan fatuna. Suna lasa, suna zubar da gashi, suna shan ruwan da nake jiƙa fata a ciki. Rannan ƙaramar ta yi fitsari a gefen buzun, na shanya shi a rana ya bushe, don ruwa yana ɓata fata, kuma Malam ya san halin ruwa a garin nan. Fatar ta ragon yayana ce. Raguna biyu suka mutu masa dare ɗaya da damina kafin a kai ga yanka su, na karɓi fatun na kai majema. Ta biyun zan yi jaka da ita, har wani ya yi tayin jika huɗu. Wani abokina mai karatu ya ce magunan najasa ne in kore su, fatun kuma in ƙone su, wai hadisin da ya halatta amfani da su an shafe shi. Mene ne gaskiya? Sannan ƴan'uwana suna yi mini gori, wai ɗan gidan malamai ya koma baduku.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka cika tambayarka da laifin maguna, amma abin da ya juya hukuncin buzunka yana cikin layin da ka wuce da sauri: raguna biyu da suka mutu ba a yanka ba. Bari mu sallami magunan tukuna, don maganarsu gajera ce.

Mage ba najasa ba ce. Hadisin Abu Ƙatada da ya karkata mata kwanon alwalarsa ta sha yana cikin Muwaɗɗa, ɗalibin zaure ma ya haddace shi. Yawunta tsarkakakke ne, gashin da take zubarwa tsarkakakke ne, ka kakkaɓe don tsabta kawai. Ruwan da ta sha babu laifi a kansa, sai fa in ka ga najasa a bakinta da idonka, kamar ta gama cin ɓera ga jini, ta tsoma baki nan take. Wannan shi ne togaciyar da Imamu Malik ya yi. Saboda haka kada ka kori magen uwargida da sunan addini, kada ka tayar da rigimar da shari'a ba ta aike ka ba.

Fitsarinta kuwa najasa ne, domin a mazhabarmu fitsari da kashin dabbar da aka haramta ko aka karhanta cin namanta najasa ne, mage tana cikin waɗanda aka karhanta. Rana ba ta tsarkake shi. Abin da ya tafi danshi ne, hukuncin yana nan zaune. Na san jarkar ruwa a Damagaram ba ta zuwa a banza, ni ma mai ga-ruwa nake jira wani lokaci, amma ba a ce ka tsoma buzun cikin baho ba. Gurbin da ta yi kaɗai za ka zuba wa ruwa tsantsa, buta ɗaya ta isa, ka murza har wari da launi su gushe, ka shanya a inuwa. In ya yi tauri, maigidanka na rumfa ya san man da zai shafa ya saki. In ka manta gurbin, ka wanke gefen gaba ɗaya. In kuwa shakka kake ko fitsarin ya fantsamu kan wata fatar ta kusa, yayyafa ruwa ya wadatar.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Dabbar da ta mutu ba a yanka ba mushe ce, fatarta kafin jima najasa ce. Bayan jima ne malamai suka rabu. Abokinka ya ɗauki mafi tsananin zance, ya jingina da hadisin Abdullahi ɗan Ukaimu, cewa takardar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta iso wa ƙabilar Juhaina wata ɗaya ko biyu kafin rasuwarsa, tana hana amfani da "ihabu", wato fata, ko jijiyar mushe. Hujjarsu ita ce wannan ya zo a ƙarshe, don haka ya shafe abin da ya gabata. Ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina.

Da farko hadisin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Wani lokaci Ɗan Ukaimu yana cewa an karanta musu takardar, wani lokaci yana cewa wasu dattawan Juhaina ne suka ba shi labari. Wata ruwayar ta ce wata ɗaya, wata ta ce biyu. Tirmizi da kansa ya faɗa cewa Imamu Ahmad ya kasance yana riƙo da shi, daga baya ya sake shi saboda wannan kai-kawo na isnadi, wato jerin masu ruwaya. To yaya za a ɗauki hadisi mai tangaɗi irin wannan a rusa da shi abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na tunkiyar baiwar Uwar Muminai Maimuna, inda Annabi ya wuce ta an yar, ya tambaya don me ba su amfana da fatarta ba, suka ce mushe ce, ya ce ai cinta kaɗai aka haramta? Kuma Muslim ya kawo daga Ɗan Abbas cewa idan aka jeme fata ta tsarkaka. Wannan lafazin yana cikin Muwaɗɗa ma.

Mu ƙaddara ma hadisin Ɗan Ukaimu ya inganta. Ba a gudu zuwa ga shafewa sai an kasa haɗa nassoshi biyu, nan kuwa haɗin a tafin hannu yake. Kalmar "ihabu" a bakin Larabawa sunan ɗanyar fata ce da ba ta shiga majema ba. Abu Dawuda ya kawo wannan bayani a ƙarƙashin hadisin, ya ce in an jeme ta sunanta ya sauya, sai a kira ta salka. Mu ma haka muke yi: ƙirgin da aka feɗe jiya da kilagon da ya bushe da fatar da ta fito daga majema, kowanne da sunansa. Ashe takardar ta hana ɗanya, hadisan Ɗan Abbas sun halatta jemammiya, babu wanda ya taka wani.

Akwai wani hadisin da nake son ka kai wa abokinka, domin ya shafi aikin majemanmu kai tsaye. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Maimuna cewa wasu mutanen Ƙuraishu sun wuce suna jan mushen tunkiya, Annabi ya ce da kun ɗauki fatarta, suka ce mushe ce, ya ce ruwa da "ƙarazu" suna tsarkake ta. Ƙarazu shi ne bagaruwa. Wannan bagaruwar da ake aunawa da tiya a Kasuwar Dole, majemi ya daka ya jiƙa ya tsoma fata a ciki bayan toka ta cire gashi ko an kankare nama. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin jima ya ga yadda fata ke shiga da kitse da ƙarni, ta fito ba ta ruɓewa, ya gane abin da hadisin yake nufi. Ƙona irin wannan fata ɓarnar dukiya ce, ita ma an hana. Abokinka ya karanta shafi ɗaya ya rufe littafi. Ka gaya masa da ladabi, kada ka kunyata shi cikin mutane.

Amma fa kada ka yi murna da wuri. Halaccin amfani daban, salla a kai daban. Abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne jima tana tsabtace fatar mushe har a yi amfani da ita ga busassun abubuwa da kuma ruwa, ba ta kai ta matsayin fatar yankakkiya ba. Ɗan Abu Zaidi, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a Risala da gajeren lafazi: babu laifi a amfana da ita in an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Akwai ruwaya ta biyu daga Malik cewa jima tana tsarkake ta sarai, ita ce kuma maganar Shafi'i da Abu Hanifa a kan fatar tumaki, kuma zahirin hadisan da na kawo yana ƙarfafa ta. Saboda haka in ka ga wani yana salla kan irin wannan buzu kada ka ce sallarsa ta ɓaci. Kai dai da ka tambaye ni, fatawata gare ka ita ce ta Risala. Ba ka cikin ƙunci. Kowace layya gidanku ana yanka rago, fatar yankakke tana zuwa maka kyauta, me zai sa ka ɗora goshinka kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa? Buzun ya koma na zama da karatu. Sallolin da ka riga ka yi a kansa, waɗanda lokacinsu ya fita, ba sai ka rama ba.

Jakar ma haka. Ka ɗinka ta ka zuba basilla da zare da wuƙarka, ko ka yi kyauta da ita ka gaya wa wanda ka ba asalin fatar. Jika huɗun nan ka bar su. Mutumin da ya yi tayin zai iya rataya ta ya tayar da salla, ko ya sa Alƙur'ani a ciki, bai san abin da ya saya ba.

Sai abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi damuna a duk takardarka. Raguna biyu, dare ɗaya, da damina. Ka tambayi yayanka me ya kashe su? In kumburin ciki ne na ɗanyen haki, da sauƙi. In kuwa faɗuwa suka yi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura, wannan alamar ciwon saifa ce, kuma yana kama mutum ta hanyar fata da gashin dabbar. Ƙwayarsa tana shekaru ba ta mutu ba, jimar bagaruwa ba ta ba da tabbacin kashe ta. Ka je wurin likitan dabbobi ka kwatanta masa yadda suka mutu. In ya ce saifa ce, to a nan ni ma zan ce a ƙone fatun ko a binne su da zurfi yadda ya umarta, saboda cuta, kuma ka sanar da majemin da ya yi aikin. In wani ƙurji mai baƙin tsakiya, marar zafi sosai, ya fito wa wani a gidan a hannu ko wuya, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya shafe-shafe.

Magunan kuma amana ce. Kowa ya san matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle ba ci ba sha, don haka in kana son kare fatunka, fatun za ka kulle a akwati, ba magunan a ɗaki ba. Ka ware musu tsumma a wani lungu, ka sa kasko da yashi nesa da madafa. Allura mai zare kada ta kwana a ƙasa, mage tana haɗiye zare ya naɗe mata hanji, ga kuma yara masu rarrafe. A yi musu allurar haukan kare. In uwargida tana da juna biyu, kwashe kashin mage ya dawo wuyanka, domin akwai cutar da ke cikinsa mai taɓa ɗan tayi. Kuma ina zargin rabin wannan tambaya taƙaddama ce tsakaninka da ita a kan wa ya fi iko da tsakar gida, fatunka ko magunanta. Mutumin da ke fita tun safe, ya wuce rumfa da la'asar, ya dawo da magariba yana warin bagaruwa, bai kamata farkon maganarsa ta zama ƙorafin mage ba. Ka rage ranakun rumfa zuwa uku ko huɗu a mako, ka ɗinka mata wani abu da hannunka.

Gorin ƴan'uwanka ba ya buƙatar doguwar amsa. Uwar Muminai Zainab ƴar Jahshi tana jima tana ɗinkin fata da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. Gafakar da kakanninku malamai suka ajiye Alƙur'ani a ciki baduku ne ya ɗinka ta, kuma jar fatar ƙasar nan ce a zamanin da ayari ke ɗauka daga unguwar Zango ya ratsa Agadas da ita har Tarabulus. Koyon sana'a don sha'awa halal ne muddin bai ci lokacin salla ko haƙƙin iyali ba. Dattijon da ke koya maka kuwa, ko bai yanka maka kuɗi ba, kada ka riƙa zuwa hannu rabbana. Goro, sukari, tiyar hatsi in wata ya yi, kuma fatar da ka ɓata wajen koyo ka biya shi kuɗinta.

Wallahu a'alam.