Gwajin furucin yara: me lambar da ke kan takardar ɗanki take nufi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga Garwa a ƙasar Kamaru. Ɗana yana da shekara 5 da wata 4, kuma har yanzu tsamin bakinsa bai tafi ba: kare yakan ce "tare", gida ya ce "dida", kifi ya ce "tifi". A gida Hausa muke yi, a waje Fulatanci yake ji wurin abokan wasa, a makaranta kuma Faransanci, bana shekararsa ta biyu da shiga. Malamarsu ta ce ba ta gane maganarsa, sai muka kai shi Yawunde wurin ortofonis, wato mai gwaji da gyaran furuci. Ta nuna masa hotuna yana faɗin sunayensu da Faransanci, daga baya ta ba mu takarda mai lamba −2, ta ce ya yi ƙasa sosai da sa'o'insa. Kakarsa kuwa cewa take linzami ne, a kira wanzami ya yanka. Mene ne wannan gwaji, kuma in yarda da sakamakonsa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kika yi, domin ɗaukar yaro daga Garwa zuwa Yawunde saboda maganarsa ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

Abin da aka yi wa ɗanki shi muke kira daidaitaccen gwajin furuci. Ana kiransa haka ne saboda kowane yaro hotuna iri ɗaya ake nuna masa, da umarni iri ɗaya, a kuma lissafa makinsa ta hanya ɗaya, ko wane ne mai gwajin. An zaɓo hotunan ne da gangan yadda kowane sauti na harshen zai fito a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta, mai gwajin kuma yana rubuta ainihin abin da ya fito daga bakin yaron: ko ya musanya sauti da wani, ko ya yar da shi gaba ɗaya, ko ya faɗe shi a karkace. Mafi shahara a Amurka shi ne na Goldman da Fristoe, wanda ya fara fitowa a 1969, bugunsa na uku kuma a 2015. A Birtaniya akwai DEAP na Barbara Dodd da abokan aikinta, na 2002. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci kuwa sun fi riƙe irin su N-EEL da ELO na 2001 da EVALO na 2009, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga cikin dangin waɗannan aka yi wa ɗanki.

Kin san katin awon jarirai, inda ake ɗora nauyin yaro a kan layi a ga ko yana tafiya tare da sa'o'insa. Lambar gwajin furuci ma haka take. Kafin a fitar da gwajin, sai an gwada ɗaruruwan yara, an fitar da matsakaicin makin kowace shekara, an kuma auna yadda yaran suke warwatsuwa sama da ƙasa da matsakaicin. Lamba −2 tana nufin yaro ya yi ƙasa da matsakaici da taki biyu na wannan ma'auni, wato cikin yara 100 na shekarunsa kusan 2 ne kawai suke samun maki irin nasa ko ƙasa da shi. A gwaje-gwajen Amurka, inda matsakaici yake 100 kuma kowane taki 15 ne, daidai yake da maki 70.

To amma waɗanne yara ne aka auna shi da su? Layin katin awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, an gina shi ne da yaran ƙasashe shida, har da Ghana, domin jikin ɗan Adam kusan hanya ɗaya yake girma idan ya samu abinci da kulawa. Harshe ba haka yake ba. Gwajin Faransanci an gina shi da yaran Faransa, waɗanda tun suna goye Faransanci suke ji dare da rana, alhali ɗanki bai cika shekara biyu yana jinsa ba, shi ma a cikin aji kawai. Saboda haka lambar ba ta ce ya yi ƙasa da yaran Garwa ba, cewa ta yi ya yi ƙasa da yaran da harshen uwarsu aka gwada shi da shi. Ban ga laifin mai gwajin ba, domin da kayan aikin da ke hannunta ta yi amfani, kuma masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu. Sai dai ƙa'idar aikin ita ce idan yaro ba ya cikin irin yaran da aka gina gwaji da su, ana amfani da hotunan a saurari furucinsa, amma ba a yanke hukunci da lambar.

Dalilin yana cikin harsunan kansu. Bahaushe ba ya bambanta "p" da "f" yadda Bafaranshe yake yi, ba shi da "v", kuma ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa yakan sa wasali a tsakaninsu. Yaron da aka nuna wa keke ya ce "belo" maimakon "vélo", ko aka nuna masa jirgin ƙasa, wato "train", ya sa wasali tsakanin "t" da "r", takardar gwaji za ta rubuta masa kuskure biyu, alhali haka mahaifinsa ma zai faɗa. Haka kuma gwajin Faransanci ba shi da ko kalma ɗaya da za ta nuna ko yaro yana raba kura da ƙura, ko doki da ɗoki, ko sara da tsara, ko gadon kwanciya da gadon dukiya, kuma waɗannan su ne suke sa a fahimce shi a gida. Akwai ma wani ƙarin lura a yankinmu. Fulatanci yana da "ɓ" da "ɗ" kamar Hausa, amma ba shi da "ƙ" da "ts", kuma a Garwa da Marwa za ki ji manya da yawa suna cewa "kofa" da "sami" a maimakon ƙofa da tsami. Yaron da ya tashi a cikinsu ya faɗi haka ba shi da wata lalura, maganar unguwarsu yake yi, kuma mai gwajin da ya zo da kunnen Kano kaɗai zai iya zaluntarsa kamar yadda gwajin Faransa zai yi.

Duk da haka, Malama, kada ki ɗauka na ce ɗanki ba shi da matsala. Misalan da kika kawo sun fi lambar nan nauyi a wurina, domin da Hausa ya faɗe su, harshen da yake ji tun haihuwa. Sautin "k" da "g" da bayan harshe ake yin su, "t" da "d" kuwa da kan harshe, kuma ƙananan yara da yawa sukan jawo na bayan su dawo gaba, amma galibi sukan daina kafin su kai shekara 4. A 2018 Sharynne McLeod da Kathryn Crowe sun tattara bincike kan harsuna 27, suka ga cewa yaro ɗan shekara 5 yakan faɗi aƙalla kashi 93 cikin 100 na baƙaƙen harshensa daidai, kuma waɗanda suke jinkiri su ne irin su "r" mai kaɗawa, ba "k" da "g" ba. Sautukan nan biyu suna nan a Hausa da Fulatanci da Faransanci duka, don haka ba za a ɗora wa cuɗanyar harsuna laifin ba. Matsalar furuci ta gaskiya takan bi yaro cikin kowane harshe da yake yi, kuma alamu sun nuna haka lamarin ɗanki yake. Jin harsuna uku ba shi ya jawo ta ba, kuma ina roƙonki kada ki bari kowa ya sa ku daina yi masa Hausa a gida.

Batun linzami kuwa, ki gaya wa Kaka cikin ladabi cewa furucin jikanta da kansa ya wanke linzamin. Linzami kan harshe yake riƙewa, shi kuwa yaron da yake cewa "tare" da "dida" kan harshensa yake ɗagawa sosai, bayan harshen ne bai koyi aikinsa ba. Yanka ba zai koya masa "k" ba, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ya kuma sa yaro ya ji tsoron a taɓa bakinsa, alhali gyaran da ke gaba yana buƙatar ya saki jiki.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne awon ji, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko da kuwa kina ganin yana amsa kira. Ruwan da ke taruwa a cikin kunne bayan mura yakan dusashe ji na makonni ba tare da ciwo ba, kuma idan ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko kunne mai zubar ruwa, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Bayan haka sai a sake gwajin da Hausa, kuma za ki iya yin rabin aikin da wayarki. Ki tara abubuwa kamar 25 na gida, irin su kofi, cokali, takalmi, tsintsiya, ƙwarya, ɗankwali da goro, ki tambaye shi sunan kowanne ba tare da kin fara faɗa masa ba, ki ɗauki muryarsa, sannan ki maimaita har sau uku, kuna hutawa ko yin wani wasa a tsakani. Wannan tsari ne na Dodd. Idan kullum kifi "tifi" ne, to ƙa'ida guda ce ya riƙe a karkace, kuma gyaranta yakan zo da sauƙi ta hanyar kalmomi masu kama, a nuna masa hoton kare da hoton yara suna tare, har ya gane cewa sauti ɗaya yana canza ma'ana. Idan kuwa yanzu "tifi" ne, an jima "kiki", an jima "fifi", har kalmomi 10 ko fiye cikin 25 suka riƙa canzawa, wato kashi 40 cikin 100, to wani nau'i ne daban, kuma hanyar gyaransa daban ce. Ki ɗauki hirarsa ta minti goma yana wasa, domin daga irin wannan hira ake lissafa kason baƙaƙen da ya faɗa daidai, ma'aunin da Shriberg da Kwiatkowski suka kawo a 1982: sama da kashi 85 matsala ce mai sauƙi, ƙasa da kashi 50 kuwa mai tsanani. Wannan lissafi ba ya buƙatar yaran Faransa, kunnen da ya san Hausar Garwa kawai yake buƙata.

Ki koma wurin ortofonis ɗin, ko ki kira ta a waya, ki nemi jerin kurakuran da ta rubuta sauti bayan sauti, domin yana da amfani ko da an ajiye lambar a gefe. Ki tambaye ta ko ya iya kwaikwayon "k" idan an nuna masa, domin yaron da ya iya kwaikwayo yakan fi saurin gyaruwa. Idan ba ta jin Hausa, ku saurari muryar tare, ke kina gaya mata yadda babba a gidanku zai faɗi kowace kalma. Kada a jira ya shiga firamare, domin yaron da ya fara koyon karatu yana haɗa "k" da "t" a baki yakan haɗa su a rubutu ma. A gida kuma, idan ya ce "tifi", kada ki ce ya sake faɗa, kada ki bari yayyensa su kwaikwaye shi. Ki amsa masa kawai da cewa, "E, kifi ne, kifi babba," kina ɗan ƙarfafa sautin farko yana kallon bakinki.